Neman Dutsen Issufu

Issufu ya rasu ranar Litinin a wani ƙauye da ke bayan Lyon, kuma duk cikinmu a Paris babu wanda ya san sunan ƙauyen. Dutse muke ce masa. Shi ya fara. Duk sanda ya zo salla wurin wansa aka tambaye shi ina yake yanzu, sai ya ce, "Ina nan Dutse." Muka ɗauka haka. Shekara da shekaru ana faɗa, ba wanda ya taɓa ce masa, to, mene ne sunan da Nasara suka sa wa wurin?

Labarin ya zo ta waya ranar Talata da yamma, a kantin wansa da ke Château Rouge. Wan nasa Alhaji ne, atamfa da shadda yake sayarwa. Faransancinsa na ciniki ne, ya san kuɗi ya san yadi. Wata tsohuwa ce ta kira, tana magana da sauri tana kuka. Abin da ya kama kaɗan ne: ƙaninsa ya mutu, za a binne ranar Alhamis da safe, sai sunan wani gari mai farawa da "Monta". Ya ce mata ya sani, ya sani, ya ajiye waya ya zauna a ƙasa. Bai karɓi lambarta ba.

Ni aka aiko wa, don ni ke wankan gawa a cikin mutanenmu. Ba malami ba ne ni, boko ma ban yi ba. Shara nake yi a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na fara wankan ne a hanyar hamada sanda muke zuwa, wani ya mutu a motarmu, dole wani ya yi, ruwa ma babu, da ƙasa na yi. Tun daga nan aka san ni da shi.

Abin da ke gabanmu ɗaya ne: mu isa kafin a sa shi a akwati, in wanke shi, mu naɗe shi a likkafani, mu yi masa salla. A ƙasar nan in aka rufe akwati aka ɗaure, an gama, ba a sake buɗewa.

Ranar Laraba muna idar da sallar asuba muka ɗau hanya, mu uku. Ni, Alhaji, da mai mota. Mai motar Babarbare ne daga Damagaram, yana kai wa 'yan kanti kaya da tsohuwar fijo, shi ne kuma mai karatun Nasara a cikinmu. Ni Ba'are ne daga Dogon Dutsi, saboda haka abokin wasana ne, bakinsa ba ya hutawa a kaina. A jakata akwai farin yadi, sabulu, kafur, turare, da busasshen ganyen magarya da nake ajiyewa don irin wannan rana.

"Ba'are," in ji shi muna fita gari, "yau ranarka ce. Mutumin Dogon Dutsi za shi neman dutse. In muka ɓata, kai za a tambaya."

Na ce masa ya kalli hanya.

Sanyi ya fara shiga, hazo ya kwanta a kan babbar hanya, fitilun manyan motoci kawai muke bi. Hanyar tana da kyau, ba rami ko ɗaya, amma ba kyauta ba ce. Ka karɓi takarda a bakin shiga, in za ka fita ka biya, kuma abin da suka karɓa a hannunmu ya kai buhun hatsi a gida. Da rana ta ɗaga muka fara ganin fararen shanu, manya, a kwance cikin ciyawa ba makiyayi. Bayan farin da aka yi a gida, wanda ya cinye garken ƙanin babana, na kasa ɗauke ido daga kansu. Wani wuri sabon jirgin ƙasan nan mai launin lemo ya wuce mu kamar a tsaye muke. Alhaji ya bi shi da kallo ya ce da shi muka hau. Mai mota ya ce jirgi ba ya shiga ƙauye, kuma ba ya tsayawa a yi tambaya.

Mun tsaya shan mai. Kofi ɗan mitsitsi a wurin, kurɓa biyu ya ƙare, kuɗinsa ya isa mutum ya ci shinkafa ya ƙoshi a fuwaye, gidan kwanan 'yan ci-rani. Muka koma mota muka ci namu, burodi da kifin gwangwani da ɗan kilishin da aka kawo wa Alhaji daga Maraɗi. Shi bai ci ba. Hannunsa yana kan gwiwa yana bugawa, duk motar da ta wuce mu sai ya ce, "Taka mana, malam." Mai mota ya ce in ya taka fiye da haka, gawa huɗu za a nema wa mai wanka.

Can wajen Beaune gonakin inabi suka fara, layi layi har kan tudu, an cire 'ya'yan, ganyen ya bushe. Na tambayi Alhaji wane irin aiki Issufu yake yi a Dutsen nan. Ya ce, "Gona." Ya juya kai taga.

Mun shiga Lyon da azahar. Hanyar tana bi ta cikin ƙarƙashin dutse, dogon rami mai hayaƙi, motoci sun cushe ba gaba ba baya. Muna fitowa sai gari ya buɗe, koguna biyu, gadoji, wani babban coci a bisa tudu yana kallon kowa. Ba mu tsaya kallo ba. Mai mota ya shimfiɗa taswira a kan sitiyari, ya bi da yatsa, ya ce, "Ga shi! Montagny. Montagne ai dutse ke nan. Kudu da gari, ba nisa." Alhaji ya ce wallahi shi ne, haka tsohuwar ta faɗa. Raina ya ɗan kwanta, na fara tunanin inda zan sami ruwan ɗumi.

Montagny tsohon ƙauye ne a kan tudu, gidajen dutse, titi ƙanƙane, shiru kamar an kwashe mutane. Kare ɗaya ya raka mu da haushi. Muka shiga wani ɗan wurin shan kofi, tsofaffi suna karta, suka ajiye kartar suka zuba mana ido. Mai mota ya cire hula ya yi gaisuwa, ya ce muna neman gidan da wani baƙin mutum mai suna Issufu ya rasu. Mai wurin ya ce ba a yi mutuwa a nan ba tun bazara, waccan ma tsohuwa ce, kuma baƙin mutum bai taɓa zama ƙauyen ba. Sai ya tambaya, wane Montagny aka ce mana?

Mai mota ya ce, da akwai wani?

Mutumin ya ajiye tsumman hannunsa ya fara lanƙwasa yatsu. Akwai Montagny nan. Akwai wani Montagny wajen Roanne. Akwai wani can cikin manyan duwatsu inda ƙanƙara take. Akwai Montagnieu, shi ma ba ɗaya ba ne. Akwai Montagnat. Akwai Montagnole. Wani tsoho daga teburin karta ya ƙara nasa, wani ya yi masa musu, suka manta da mu suka shiga gardama a kan wanne ke cikin wace jiha. Mai wurin ya ce har yankunan da ke yamma da su da sunan duwatsu ake kiransu a takardun hukuma. Ba dariya yake mana ba, tausayi ne a fuskarsa. Ya zuba mana kofi ya ƙi karɓar kuɗi.

A waje mai mota ya ce, "Ba'are, ashe danginku sun riga ku zuwa. Duk inda suka ga tudu sai su kafa gari su ce Dutse."

Gaskiya ya faɗa. Mu ma haka muke. Akwai Dogon Dutsi, akwai Dutse, akwai Dutsin Ma, ban da ƙananan da ba a san su ba sai ka je. In baƙo ya sauka tasha a ƙasarmu ya ce a kai shi Dutse, sai an tambaye shi wanne. Ban taɓa kawowa a raina Nasara ma haka suke ba. Na ɗauka masu takarda ba sa maimaita suna.

La'asar ta yi. Muka yi salla a gefen hanya a kan kwali, sannan aka yi musu. Mai mota ya ce mu koma Lyon mu tambayi mutane tukuna. Alhaji ya ce a'a, da kunnensa ya ji, "nyi" ne ƙarshen sunan, saboda haka na wajen Roanne ne. Ni na ce duk wanda za a yi a yi, rana tana tafiya. Ƙaninsa ne, muka bi tasa.

Wannan hanyar ba ta kuɗi ba ce, kuma ta nuna. Hawa da gangara, kwana a kan kwana, manyan motoci a gaba ba wurin wucewa. Fijo ta fara tari a wani dogon hawa, muka tsaya aka ba ta ruwa. Kifin gwangwanin da na ci ya dawo, na sauka na ba ciyawar Faransa. Mai mota ya ce mutumin da ya ƙetare hamada ga shi tudu ya kayar.

Rana na faɗuwa muka isa Montagny na biyu. Garin masaƙa ne, tun daga bakin gari kana jin injuna suna bugawa a cikin dogayen ɗakuna. Ofishin magajin gari a rufe. Wata mai sayar da burodi tana jan ƙofa, mai mota ya tare ta. Ta ce akwai Turkawa da Larabawa a masaƙa, amma baƙar fata babu, kuma da an yi mutuwa da ta ji, don kowa a wurinta yake sayen burodi. Alhaji ya tsaya a tsakiyar titi yana juyawa, yana duban gidaje ɗaya bayan ɗaya, kamar Issufu zai leƙo ta wata taga. Sai da na kama hannunsa na sa shi a mota.

Mun koma Lyon muka kwana a Guillotière, unguwar baƙaƙen fata da Larabawa, a ɗakin wani mutumin Maraɗi da mai mota ya sani. Shi ma da Dutse kawai ya san garin Issufu. Ya ce da safe mu je wurin wani mahauci Balaraben Aljeriya, don duk Musulmin da ke ƙauyukan nan a wurinsa yake sayen nama.

Ranar Alhamis tun kafin ya gama ɗaga ƙofa muna tsaye. Dattijo ne mai ƙaton ciki da farin gashin baki. Ya saurari mai mota yana wasa wuƙa. Ya ce bai san wani Issufu ba. Ya ce garuruwan dutse a nan sun fi haƙoran bakinsa yawa, mu faɗa masa aikin da mutumin yake yi.

Mai mota ya ce gona.

"Wace gona? Shanu? Masara? Kaji?"

Muka juya wurin Alhaji. Ya kafa wa naman da ke rataye ido. Na ce masa, "Alhaji, da safen nan za a rufe shi."

Ya ce, a hankali, "Inabi. Na giya."

Ashe abin da ya hana shi zuwa wurin ƙaninsa ke nan duk shekarun nan, shi ya sa bai taɓa tambayar sunan garin ba. Sun yi faɗa a kai tun farko. Ya ce masa ya bari ya dawo kanti, Issufu ya ce shi itace yake yi wa aski, ba ya matsa ba ya sha, kuma ƙasa ta fi masa zaman kanti. Daga nan suka daina maganar. Da Alhaji ya fara bayani, sai sauran ya biyo: Issufu ya taɓa ce masa gonar a tsaye take kamar bango, kuma daga samanta kana ganin babban kogi kamar na Gaya.

Mahaucin ya ajiye wuƙa. Ya ce 'ya'yansa suna zuwa tsinkar inabi kowace kaka a Montagnieu na bakin kogi, gabas da nan, kuma suna ba da labarin wani dogon baƙi da ke shimfiɗa buhu ya yi salla a tsakanin layuka. Joseph ake ce masa.

Mai mota ya dafe kai. "Joseph ai Yusufu ne! Jiya duk mun yini muna tambayar sunan da ba su sani ba, a garin da ba nasa ba."

Mahaucin ya zana masa hanya a kan takardar naɗe nama, ya ce Allah ya jiƙansa, mu yi gudu.

Mun yi gudu iyakar abin da fijo za ta iya. Gabas da Lyon fili ne, masara da aka girbe, ƙauyuka masu jan rufi. Wata tarakta ta shiga gabanmu da tirela cike da itace, tsohon da ke kanta bai san da mu ba, Alhaji ya leƙa ta taga yana yi masa ihu da Hausa. Bayan mun ƙetare gada sai dutsen ya tashi a gabanmu, dogo, fari a sama, inabi ya manne a jikinsa layi layi, kogin yana kwance a ƙasa. Ba sai an faɗa mana ba.

Hantsi ya yi sosai da muka hau cikin ƙauyen. Ba mu yi tambaya ba, don daga nesa muka hango mutane tsaye a ƙofar maƙabarta. Ba su da yawa. Wata gajeriyar tsohuwa da baƙin mayafi ta taho da sauri ta kama hannun Alhaji da hannu biyu, kamannin Issufu ta gani. Ita ce ta yi waya. Gonar tata ce da ɗanta. Lambar kantin a jikin wata leda ta same ta a ɗakin Issufu. Tun safe masu binnewa suke son su gama, ita ta hana, ta ce ɗan'uwansa ya ce ya sani, zai zo.

Akwatin yana ajiye a bakin rami, a rufe. Tun jiya da yamma aka ɗaure shi, lokacin da muke tsaye a titin masaƙa.

Alhaji ya ce a buɗe. Ɗan tsohuwar ya yi bayani, mai mota yana fassarawa: ba za a iya ba, doka ce, ko shi ba shi da iko. Sun jira har yamma, ba a bari gawa ta wuce haka a gida. Alhaji ya ce a buɗe, ga mai wanka ya zo da shi tun daga Paris, ga likkafani. Muryarsa ta tashi. Ya sa hannu a kan murfin yana neman inda zai kama. Nasaran suka sunkuyar da kai.

Sai tsohuwar ta yi magana. Ta ce a cikin inabi ya faɗi, almakashi a hannunsa, zuciya ce. Ta ce ita da ɗanta suka wanke shi da ruwan ɗumi, yadda ta wanke mijinta. Ba ta san namu ba, amma shekaru tana ganinsa a bakin famfo kafin ya yi salla, saboda haka ta fara yadda yake farawa, hannun dama, baki, fuska, har ƙafa. Sun sa masa farar rigar da ya ninke a ƙasan akwatin kayansa, wadda yake sawa in za shi wurin wansa.

Alhaji ya juyo gare ni, fuskarsa jiƙe. "Malam, ya wanku?"

Na san abin da malamai za su ce, na san wanda ya kamata ya yi wanka da wanda bai kamata ba. Na dubi akwatin, na dubi tsohuwar. Na ce, "An wanke shi. Mu yi salla."

Na fito da farin yadin na shimfiɗa a kan akwatin, na yayyafa turare. Na duba rana na gane gabas, muka juya shi. Alhaji ya ja baya, ni na shiga gaba, su biyu a bayana. Nasaran suka cire huluna. Da yadin aka saukar da shi. Muka zuba ƙasa da hannu, tsohuwar ta duba yadda muka yi ta yi haka ita ma.

Ba ta bar mu mun tafi ba sai da muka shiga gida. Kofi mai yawa a babban kwano, burodi, cuku mai wari da na kasa ci, da wani goron itace mai ɓawo da suke fasawa da guduma. Ɗanta ya ɗauko kwalin kwalaben giya zai sa mana a mota, ta buge masa hannu ta yi masa faɗa, mai mota ya juya baya yana danne dariya. Alhaji ya ce a nuna masa gonar. Ya hau shi kaɗai da babbar riga da takalmin birni, yana zamewa yana dafa ƙasa, har inda aikin ya tsaya a rabin layi. Ya daɗe a can. Da ya sauko ya roƙi tsohuwar ta faɗa masa sunan garin sannu sannu, yana bin bakinta, don zai yi wa mahaifiyarsu kaset ya gaya mata inda ɗanta yake kwance.

Da la'asar muka kamo hanyar gida. Wannan karon ba wanda ya ce a taka. Alhaji ya ci sauran kilishin ya yi barci, kansa a jikin taga. Mai mota ya gwada tsokanata sau ɗaya, ya ga ba ta ci ba, ya sa kaset ɗin karatu.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Kada ka fita neman gari da rabin suna. Kuma in ɗan'uwanka yana wani wuri, ko aikinsa bai yi maka ba, je ka ga inda yake kwana tun yana da rai. Da Alhaji ya taɓa zuwa ko sau ɗaya, da ni na wanke Issufu.

Yanzu ina La Courneuve, a ɗakina, a hawa na sama. Mun yi sadakar uku a kantin Alhaji. Gobe da asuba ina bakin aiki a tashar Belleville.